Layin da Ba a Danna Hon

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin da ke zuwa Ƙarshen Kwalta ya san Na-Ƙofa. In bai riƙe fuskarsa ba, ya riƙe muryarsa. Kwandasta ne, a bakin ƙofar bas ya yi ƙuruciya, a nan kuma furfura ta same shi: ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a kan matakala, hannu ya damƙi ƙarfe, iska na wasa da rigarsa. Sauran kwandastoci ihu suke yi in za su kira sunan unguwa, sai ka ce da unguwar suke faɗa. Shi kuwa rerawa yake yi. Kowace matsaya da baitinta, kuma babu unguwar da ta tsira daga tsokanarsa. 'Yan makaranta sun haddace waƙar, masu wankin mota na yin ta suna kaɗa tsumma, wani ma ya taɓa ɗaukarta a waya ta yi ta yawo hannu-hannu. Baƙo in ya sauka a birnin, kafin ya gane hanyar masaukinsa ya riga ya iya amshin.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa jin waƙar nan daga farkonta zuwa ƙarshenta ba, wato matarsa.

'Yan tasha suna da wata ƙa'ida da ba wanda ya san mafarinta: matar mutum ba ta shiga motar da mijinta ke aiki. Wai ta yaya zai yi wa fasinja tsawa, ko fasinja ya wanke shi tas, matarsa na zaune tana kallo? In ta zo tasha, sai a karɓe ta da girma a saka ta a motar wani. Ban da wannan ma, ita Mai Saƙa, kamar yadda 'yan layinsu ke kiranta, jininta bai taɓa haɗuwa da hayaniya ba. Hulunan jarirai take saƙawa da safa da 'yan riguna, masu shago a bakin asibitin haihuwa su zo su sara. Aiki ne mai son natsuwa, da hankali ya ɗauke zare ya kuɓuce daga allura, sai an warware an sake. Tun suna ango da amarya, wata rana ya shigo yana rera wani baiti, ta ce masa, "Don Allah, Malam, waƙar nan a riƙa barinta a tasha." Cikin wasa ta faɗa, shi kuma ya riƙe da gaske. Daga ranar, in ya hawo benen gidan hayarsu, tare da takalmi yake cire murya a bakin ƙofa. In mata suka ce mata, "Ke dai mijinki akwai baki," sai ta yi murmushi kawai, tana mamakin ko mutum ɗaya suke nufi.

Ciwon da hantsi ya zo, ba sallama. Suna tsakiyar gadar sama, Direba, abokin aikinsa tun suna samari, ya ji waƙa ta yanke a tsakiyar baiti. Ya leƙa madubi ya ga fasinjoji sun tarbo Na-Ƙofa suna jawo shi ciki. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta bi su. Yana ji, yana ganewa, amma in ya buɗe baki sai wani sauti guda ya fito, shi ne ruwa, shi ne ciwo, shi ne sannu. Ko gyaɗa kai da girgiza shi ma sun cakuɗe masa, zai iya gyaɗawa alhali a'a yake nufi. Ranar da aka sallame su likita ya ce, "A bar shi ya huta, kada a dame shi." Ya faɗa ya wuce gado na gaba, bai san hannun da maganar ta faɗa ba.

Ɗaki biyu gare su, na waje mai taga a kan titi, da na ciki mai kallon bangon maƙwabta. Mai Saƙa ta mayar da gadonsa na ciki. Ta cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙofa. Ta naɗe wayar rediyo ta ɗora shi a saman kabad. Yaran gidan ta hana su tsere a matakala, mai gyaran takalmi na ƙasan bene ma sai da ta roƙe shi ya matsa da gudumarsa gaba kaɗan. 'Yan tasha da suka yi ta zuwa dubiya, mutanen da ko gaisuwa ba su iya ba sai da ƙarfi, a matakala take tare su. "Yana barci. Zan gaya masa kun zo." Direba kaɗai ta bari ya shiga, shi ma da sharaɗin raɗa. To Direba mutum ne da in ya yi raɗa ana ji a ƙasan bene, don haka ya zauna ya kama bakinsa. Suka yi ta kallon juna shi da abokinsa, can ya tashi ya fita yana goge ido da hularsa.

Kada a ce mugunta ce. Shiru shi ne abin da ta fi so a duniya, shi ta tattara ta ba shi duka. Tana zaune a gefen gadon da saƙarta, ko allurar ba ta bari ta yi ƙara.

Sai dai Malam ya ƙi murmurewa. Ya fara barin rabin abinci, ya koma barin duka. Motsa jikin da aka koya mata a asibiti, da yana daurewa, yanzu in ta kama ƙafar sai ya rufe ido. Yini yake yi fuskarsa na bango. Barcin ma ba ya yi, in ta leƙa sai ta ga idanun a buɗe, suna kallon fentin da ya ɓare. Da ta ga haka sai ta ƙara tsummoki a ƙarƙashin ƙofa.

A wannan hali yayan Malam ya zo daga ƙauye ya same su. Dattijo ne mai sanyin magana, shi ya riƙe Malam bayan rasuwar iyayensu, kuma bai taɓa yafe wa birni ɗauke masa ƙane da ya yi ba. Ya daɗe a ɗakin ciki, sannan ya fito ya zauna a kan tabarma.

"Kin yi iya ƙoƙarinki, kowa ya shaida," ya ce. "Amma garin nan ya gama tsotse shi. Ko a ɗakin can ina jin ƙasa na rawa in babbar mota ta wuce. Ki ba ni shi in kai shi gida. Can sai ka yini ba ka ji ƙarar inji ba."

"Yaya, ni fa? Ga 'yarmu Auta cikinta ya tsufa, ba wanda zai zauna da ita sai ni."

"Ki raka shi ki dawo. Yayarki, mai ɗakina, na can, ga 'ya'ya ga jikoki. In Auta ta sauka lafiya kya riƙa zuwa."

Maganar ba ta da aibu, shi ya sa ta fi ciwo. Mai Saƙa ta ga mutane da yawa a layinsu da aka ɗauka haka aka ce za a kai su gida su huta, kuma ba ta tuna ko ɗaya da ya dawo da ƙafarsa ba, labari ne ke dawowa. Amma in shirun can ne maganinsa, ita wace ce da za ta hana? Abin da ke cinta guda ne: ba ta san ko shi yana so ba. Mutum ne da ko hula ba ya bari a zaɓa masa, ga shi yau za a zaɓa masa inda zai ƙarasa kwanakinsa.

Ta shiga ta zauna a bakin gado ta dafa hannunsa mai lafiya. "Malam, Yaya ya ce a kai ka gida. Kana so?"

Ya juyo ya dube ta. Leɓensa ya yi rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, sautin nan guda ya fito. Ya sake gwadawa, shi ne dai. Kansa ya motsa, ba za ka ce gyaɗawa ba ne, ba za ka ce girgizawa ba. Sai ya mayar da fuska bango. Ta fito ta ce wa Yaya to, zuciyarta kuwa ba ta ce to ba.

Da labari ya kai tasha, Direba ya zo da kansa. A matakala ya tsaya, don ya riga ya san iyakarsa. Ya ce motocin ƙauyen su Yaya a Ƙarshen Kwalta suke lodi, kuma ba zai yiwu a cusa Na-Ƙofa a tasi kamar buhu ba alhali ga bas. Ranar hutunsa zai zo da ita ba fasinja. Alfarma ɗaya yake roƙo, a biya ta tasha tukuna, 'yan uwa su yi masa sallama. "Ko ta taga ce, Uwargida. Ba za mu daɗe ba." Ta so ta ƙi, ta ga ba ta da fuskar ƙi.

Ranar tafiya da safe samarin gidan suka sauko da shi a kan kujera. Ya rame har hular ta yi masa yawa. Yaya ya ce a kwantar da shi a doguwar kujerar baya, Direba ya ce a'a, baya ta fi jijjiga, a zaunar da shi nan kusa da ƙofa. Aka tokare shi da matasai, hannunsa mai lafiya na jikin bangon mota. Aka shigar da akwati da katifa da ledar magunguna. Mai Saƙa ta tsaya a ƙasa da jakar saƙarta tana duban matakalar bas ɗin, wadda tsakiyarta ta lotsa ta yi sheƙi saboda taku.

"Ni ma a nan zan shiga?"

"Yau ba aiki yake ba, Uwargida," in ji Direba. "Fasinja ne."

Ta shiga ta zauna kusa da mijinta, Yaya ya zauna a bayansu.

Tun kafin su shiga tasha hayaniyar ta tarbe su. Injuna na ruri, masu talla na kwarara kira, mai faci na dukan taya, lasifikar mai sayar da magani na rantsuwa a kan abin da ba ta gani ba. Mai Saƙa ta miƙa hannu za ta rufe taga, ashe tagar ta manta yadda ake rufuwa tun zamanin da. 'Yan tasha suka yanyame motar, kowa na cusa hannu. "Na-Ƙofa, kai ne ka koma haka?" "Allah ya ba da lafiya, maigida." "Ka tafi ka bar mu da waɗannan masu muryar jakai?" Kanta ya fara sarawa. Ta dubi Malam don ta ga irin wahalar da ake ba shi, sai ta ga idanunsa na bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa kuma na motsi a kan gwiwa.

Direba ya ga ta ƙosa, ya tayar da mota. Da ya kai bakin ƙofar tasha, hannunsa ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarce shi ba: ya danna hon, dogo ɗaya, gajeru biyu, alamar mota ta tashi. Sai ga murya daga gefenta, a dishe, a karkace, don rabin baki ne ke fitar da ita, amma kowace kalma a cike:

*Bakin tasha, a shigo, a shigo,*
*mai jaka rungume jakarka,*
*garin nan ba ya sata,*
*aro yake, ba ya mayarwa.*

Motar ta ɗan yi tangaɗi. Direba bai waiwayo ba, sai dai wuyansa da ya sandare. Can daga baya, 'yan tasha da suka jiyo suka ɗauki amshi da ƙarfi, "Mu je, mu je, gari ba ya jira."

"Ikon Allah," in ji Yaya.

Mai Saƙa ta kama hannun mijinta. "Malam, bakinka ya buɗe? Ka ce wani abu. Kira sunana." Ya dube ta, ya yi ƙoƙari, sautin nan na kullum ya fito. Maganar ba ta dawo ba. Ashe kalmomin suna nan, amma ta hanyar waƙa kaɗai suka san fita.

Direba ya rage gudu. Ya shiga tsayawa a kowace matsaya kamar mai lodi, ko da yake ba mai shiga ba mai fita. Da an tsaya sai baiti ya zo. A bakin asibiti Malam ya rera cewa a sauka a hankali, mai kuka da mai dariya ƙofarsu ɗaya. A bakin kotu ya ce:

*Kotu, kotu, masu gaskiya su sauka.*
*Au, babu kowa? Direba, mu je.*

Wata mai sayar da lemo a gefen titi ta ɗago kai, ta saki wuƙa ta dafe ƙirji, sannan ta ba da amshi. Wani mai babur ya bi su gefe da gefe yana yi yana dariya. Yaya da ya zo da fushin birni a cikinsa, sai da baitin kotu ya sa shi tari don ɓoye dariya. Da suka hau gadar sama, inda ciwon ya same shi, Mai Saƙa ta zuba masa ido. Malam ya leƙa ƙasa ya wuce wurin da waƙarsa:

*Gadar sama, ku leƙa ku gani,*
*mutum kamar an ɓarar da tsaba,*
*kowa da inda za shi,*
*ba wanda ya ce ya iso.*

Ta leƙa ita ma. Sau nawa ta bi ta kan gadar nan a motar wasu, kanta a sunkuye, tana Allah-Allah a wuce? Yau ta ga rumfuna da laimomi, masu turin kura, 'yan makaranta a jere, wata mata da keken ɗinki a ka, duk suna kutsawa cikin juna ba mai karo da wani. Ta yi shekaru tana zaune a garin nan kamar mai jiran a gama taro ta tafi gida. Shi kuwa kullum yana tsaye a bakin ƙofa yana gaisawa da shi unguwa-unguwa. Wani abu mai kama da kishi ya taɓa ta, ya wuce, kunya ta maye gurbinsa.

Hanyar Ƙarshen Kwalta ta layinsu take bi, Layin Famfo. Ga mai gyaran takalmi, ga shagon mai caji, ga tagarsu a sama da labulen da ta saƙa wa baki. Wani mai kura ya tare hanya yana sauke jarkoki, ko a jikinsa. A ko'ina ne da tuni Direba ya cika masa kunne, amma a nan sai ya ɗauke hannu daga tsakiyar sitiyari ya ɗora a cinya ya jira. Malam kuma ya sauke murya ƙasa-ƙasa, yadda sai wanda ke kusa da ƙofa zai ji:

*Layin Famfo, Direba saki hon,*
*a bi a hankali, a rage murya,*
*akwai mai saƙa a saman bene,*
*kada zarenta ya kuɓuce.*

Wannan baitin ba ya cikin wanda yara ke yi a matakala. Ba ya cikin na waya. Ba ta taɓa jin sa ba.

"Direba," ta ce, "yaushe ya ƙara wannan?"

"Ƙari kuma? Ai tun kina amarya, Uwargida. Ni tunda nake ban taɓa danna hon a layin nan ba, ko akuya ce ta kwanta a titi sai dai ya sauka ya kore ta. Sauran direbobin ma duk ya bi su ɗaya-ɗaya. Wanda ya manta ya danna, ranar sai an raba su a tasha." Ya leƙo ta a madubi. "Na zaci kin sani."

Ba ta sani ba. Ita da ke yi wa mata alfahari cewa duk faɗin garin nan babu layi mai albarkar shiru kamar nasu, ga shi a bakin babban titi amma sai ka ce bayan gari. Ta ɗauka sa'a ce. Ta juya fuska wajen tagar da ba ta rufuwa, hawaye na zuba, ba ta share ba. Ta tuna tsummokin da ke ƙarƙashin ƙofar ɗakin ciki, ta ji kamar ta sauka yanzu ta je ta kwashe su.

Daga nan gidaje suka fara raguwa, bene ya koma ginin ƙasa-ƙasa, shaguna suka koma rumfuna. Muryar Malam ta gaji, wani baitin rabinsa kawai ke fita, amma bai tsallake ko ɗaya ba. Har kwalta ta ƙare a wani fili mai jar ƙasa, inda motar ƙauye ke tsaye an ɗaure mata kaya a ka. Direba ya taka birki, bai kashe inji ba. Yaya ya miƙe zai sauka ya kira masu kama musu, sai baitin ƙarshe ya tsayar da shi:

*Ƙarshen Kwalta, kowa ya sauka,*
*wanda ya iso, a huta gajiya.*
*Ni ba a nan nake kwana ba,*
*Direba, juya mu koma.*

Yaya ya dubi ƙanensa, ya dubi Mai Saƙa, ya ga abin da ke fuskarta.

"Direba, tsakaninka da Allah, yau ya ƙirƙiri wannan, ko haka waƙar take ƙarewa?"

"Haka take ƙarewa kullum, Yaya."

"To kin ji. Baki ne ya saba, ba shawara ya ba mu ba. Kada tausayi ya sa mu cuce shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Da a ce baitin cewa ya yi a sauke shi, haka zai rera. Ta dubi Direba ko zai taimake ta da wata magana, shi kuwa ya kafa ido a madubi, hannu a kan giya.

"Ni ba da waƙa nake tashi ba, Uwargida," ya ce. "Ko ya rera, ba na motsawa sai ya buga jikin mota sau biyu. In bai buga ba, akwai sauran mai sauka ke nan."

Dukkansu suka dubi hannun. Yana kwance a kan gwiwa, ƙasusuwa sun fito. A hankali ya ɗaga, yana rawa, ya kai jikin bangon mota. Tafin ya taɓa ƙarfen ya zame ƙasa, ko ƙuda ba zai tashi ba. Malam ya ja numfashi ya sake ɗagawa, ya sake zamewa. Sai ya juyo. Bai dubi Direba ba, bai dubi Yaya ba, ita ya duba, irin kallon da ya yi mata ranar da ta tambaye shi a bakin gado, sai dai yau bai mayar da fuska bango ba.

Mai Saƙa ta ajiye jakar saƙa a ƙasa. Ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa, ta buɗe tafi, ta bugi jikin motar da iya ƙarfinta, ta sake bugawa. Ƙura ta zubo daga saman taga, wasu awaki da ke kwance a inuwar motar suka watse. Tafin hannunta ya ɗauki zafi. Tunda take ba ta taɓa yin ƙara irin wannan da gangan ba.

Yaya ya daɗe a tsaye. "Na sa an gyara masa ɗakin mahaifinmu," ya ce a hankali. "Har sabuwar ƙofa na sa."

"Ka yi haƙuri, Yaya."

"Za ki iya?"

"Ban sani ba. Amma ɗakin waje zan mayar da shi, kusa da taga. In ya ƙi ci a can ma, ni da kaina zan kira ka."

Dattijon ya sunkuya ya gyara wa ƙanensa hular da ta zame. "Kai dai tun kana yaro in aka kira ka gida sai ka yi kamar ba ka ji ba." Ya riƙe hannunsa ya ɗan jima, sannan ya ɗauki 'yar jakarsa ya sauka. Akwati da katifa suka zauna inda suke. Da motar ta juya, Mai Saƙa ta hango shi tsaye a jar ƙasa shi kaɗai, ta ji tausayinsa har cikin ranta, don shi ma abin da ya fi so ya zo bayarwa.

A hanyar dawowa Malam bai rera komai ba. Kafin su kai gidajen farko ya jingina kai da gilashin da ke karkarwa, barci ya kwashe shi. Cunkoso ya riƙe su a ƙasan gada, motoci na ta hon ta ko'ina, wani mai tallan rediyo ya cusa kayansa ta taga, duk bai motsa ba. Rabon da ta ga ya yi barci mai nauyi haka tun kafin ciwon. Kanta na sarawa kamar zai tsage, ta ciro saƙa don ta ɗauke hankali, zare ya kuɓuce, ta mayar da ita jaka.

Rana ta take suka iso Layin Famfo. Direba ya tsaya a ƙofar gida ya ɗauke hannu daga sitiyari. Ba kowa a waje, samarin da suka sauko da shi da safe duk sun shige ɗakuna.

"Bari in hau in kira su," ya ce.

"Zauna. Danna hon, za su fito."

Direba ya waiwayo, karo na farko tun da suka bar tasha. "A nan?"

"A nan."

Ya dubi hannunsa kamar na aro, ya ɗan taɓa hon ɗin, ya yi wani ɗan ƙara abin tausayi.

"Wannan ko kaza ba za ta tashi ba. Danna sosai."

Ya danna, dogo ɗaya, gajeru biyu. Tagogi suka fara buɗewa, mai gyaran takalmi ya miƙe da guduma a hannu, yara suka sauko matakala a guje. Malam ya farka firgigit. Ya dubi titi ya gane layin, nan take ɓarin fuskarsa mai lafiya ya murtuke, ya ɗaga yatsa yana nuna ƙeyar Direba, sautin nan nasa na fita da faɗa.

Mai Saƙa ta kama yatsan ta sauke shi a hankali, ta riƙe a cikin tafinta da bai daina zafi ba.

"Ƙyale shi, Malam," ta ce. "Ni na sa shi."